OK: daga ina ta fito, me kuma take nufi? Tambayoyi da amsoshi

Kwanakin baya ina tsaye a rumfar wani mai POS a unguwarmu, sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo cirar kuɗin da ɗanta ya turo mata daga Legas. Mai POS ɗin ya miƙa mata na'urar ya ce, "Hajiya, sa lambobinki, sai ki danna oke." Ta sa lambobin ɗaya bayan ɗaya tana kare su da gefen mayafi, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, wanne ne oken?" Ya ce, "Koren nan, Hajiya." Ta danna, takarda ta fito, ta ƙirga kuɗinta ta ƙulle a bakin zane, ta ce, "To, madalla." Baiwar Allahn nan ko rana ɗaya ba ta yi a aji ba, amma ga kalmar da aka haifa a ofishin wata jarida a Amurka fiye da shekara 180 da suka wuce ta biyo ta har kan yatsa.

Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma babu shekarar da ɗalibai ba sa tayar mini da zancen wannan kalma, kowa da labarin da ya tsinto a WhatsApp. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Wai OK taƙaitawar wasu kalmomi ce?

E. Ta fito daga kalmomin Turanci biyu, all correct, wato "komai daidai". Nan take mai lura zai ce, to ai AC ya kamata a rubuta, tunda da A da C kalmomin suka fara. Gaskiyarsa. Waɗanda suka ƙirƙire ta ma sun san haka sarai. Da gangan suka karkatar da rubutun ya koma oll korrect, yadda kunne yake jin kalmomin, sannan suka ɗauki harafin farko na kowacce. Abin dariyar a wurinsu shi ne a ce "babu kuskure" da haruffa biyu waɗanda duka kuskure ne.

Yaushe aka fara rubuta ta, kuma wa ya rubuta?

Mafi daɗewar wurin da aka same ta a rubuce da wannan ma'ana shi ne jaridar Boston Morning Post ta ranar Asabar, 23 ga Maris, 1839, a shafi na biyu. A lokacin Sarki Ibrahim Dabo ne a kan gadon sarautar Kano. Editan jaridar, Charles Gordon Greene, mutum ne mai son barkwanci, kuma shi aka fi kyautata zaton ya yi rubutun. Ba wani babban labari ba ne, tsokanar takwaransa na wata jarida a garin Providence yake yi a kan tafiyar da wata ƙungiyar 'yan raha ta Boston ta yi. A tsakiyar zancen sai ya jefo o.k. da ƙananan haruffa, ya bi ta da fassara, all correct. Wannan fassarar da ya maƙala ita ce babbar shaida: da masu karatunsa sun riga sun san kalmar, da bai tsaya yi musu bayani ba.

Me zai sa ɗan jarida ya ɓata rubutu da gangan?

Yayi ne. Daga wajen 1838 matasan Boston masu ilimi da 'yan jaridarsu suka tsiro da taƙaita magana zuwa haruffa, abin ya bazu zuwa New York da wasu biranen. Akwai O.F.M. ga our first men, wato manyan gari, da S.P. ga small potatoes, abin da bai taka kara ya karya ba, da G.T.T. ga gone to Texas, wanda ake faɗa wa mutumin da ya ci bashi ya cika wandonsa da iska. Da wasan ya yi nisa sai suka ƙara masa gishiri, suka riƙa gurɓata rubutun kafin su taƙaita: K.Y. ga no use, wato ba amfani, K.G. ga no go, wato ba zai yiwu ba, O.W. ga all right, wato daidai ne. A cikin wannan gidan aka haifi OK.

Wanda ya saba hira da matasanmu a waya ba zai yi mamaki ba. Ka tura wa yaro sallama, ya dawo maka da "wslm ykk", ka tambaye shi gida, ya ce "lpy qlau". Ya san da f ake rubuta lafiya, ya san ƙalau ba ta da q. Salo ne, kuma alama ce ta cewa shi ɗan zamani ne. Abin da matasan Boston suka yi ke nan da alƙalami da injin buga jarida. Bambancin kawai, K.Y. da O.W. da sauran 'yan'uwansu duk sun mutu cikin 'yan shekaru.

To me ya sa ita ba ta mutu tare da su ba?

Siyasa ce ta fara ceto ta. A 1840 shugaban Amurka na takwas, Martin Van Buren, yana neman zarcewa. Haifaffen wani ƙaramin gari ne a jihar New York mai suna Kinderhook, don haka ake masa laƙabi da Old Kinderhook. Faɗuwa ta zo daidai da zama: haruffan farko na laƙabin su ne O da K, ga kuma sabuwar kalmar tana tashe. Magoya bayansa a New York suka kafa ƙungiyar da suka kira O.K. Club, suka mai da haruffan kirarin yaƙin neman zaɓe, ɗan takararsu OK ne ta suna, OK ne kuma ta hali.

'Yan adawa na jam'iyyar Whig ba su kwanta ba. Suka riƙa juya haruffan suna yi masa shaguɓe da su, irin su Out of Kash, wato aljihu ya bushe, da Orful Katastrophe, wato mummunar masifa, domin tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe tun 1837 kuma a kansa aka ɗora laifin. Wata da watanni jaridun ɓangarorin biyu suna jifan juna da O.K., har ta shiga kunnen wanda bai taɓa taka Boston ba. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, wanda ya samu ƙuri'un wakilai 234, shi kuma 60. Harrison ɗin ma wata ɗaya kacal ya yi a kan mulki ya rasu. Kalmar ce ta ci ribar zaɓen.

Daga nan sai wayar tangaraho ta karɓe ta. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙonsa daga Washington zuwa Baltimore, kuma ba a daɗe ba wayoyi suka ratsa ƙasar suna bin layin dogo. Ma'aikacin tangaraho yana buƙatar gajeriyar hanyar da zai shaida wa na can ƙarshen cewa saƙo ya iso lafiya, haruffa biyu kuwa sun wadatar. Akawu da masu duba kaya su ma suka riƙa rattaba ta a kan takarda, alamar an duba, babu matsala. Haka abin da aka fara kamar wasa ya zama kayan aikin ofis.

Wa ya binciko duk wannan?

Wani farfesan Turanci ne a Jami'ar Columbia da ke New York, Allen Walker Read, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 2002. Ya bi tsofaffin jaridu shafi-shafi, a zamanin da babu kwamfutar da za ta nemo maka kalma cikin ƙiftawar ido, ya fitar da sakamakon a jerin maƙaloli a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Manyan ƙamusoshin Turanci a yau a kan bayaninsa suka tsaya.

Abin da ya fi burge ni game da shi wani abu ne daban. A 1941 shi da kansa ya rubuta cewa daga Old Kinderhook kalmar ta samo asali. Da aka ga ta a jaridun 1839, tun kafin a kafa O.K. Club, bai tsaya kare tsohuwar maganarsa ba, ya koma ya sake tono har ya kai ga Boston. Duk lokacin da nake ba ɗalibai wannan labari nakan tsaya a nan, domin irin wannan hali ya yi ƙaranci, har a cikinmu malamai.

Na karanta cewa daga "0 killed" ta fito, wato ba a kashe kowa ba. Gaskiya ne?

A'a. Labarin yana cewa sojoji in sun dawo daga fagen fama ba su rasa kowa ba sai su rubuta sifiri da K a kan allo. Yawanci da yaƙin basasar Amurka ake danganta shi, wanda aka fara a 1861. Kalmar kuwa tana cikin jarida shekara 22 kafin a harba harsashin farko na wannan yaƙi. Masu kai labarin yaƙin duniya sun ma fi nisa da gaskiya.

Irinsa suna da yawa. An ce daga Girkanci ola kala take, "komai lafiya". An ce daga och aye na mutanen Sikotlan, "ƙwarai kuwa". An ce daga Aux Cayes, wata tashar jirgin ruwa a Haiti wadda sunanta a bakin Bafaranshe yake fita kamar oke. An ce sunan wani mai gasa biskit ne, an ce na wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne da yake sa haruffan sunansa a kan kaya. Kowanne yana da daɗin ji, amma babu wanda ya zo da takarda guda da ta girmi 1839.

Akwai kuma na shugaba Andrew Jackson, wai bai iya rubutu ba, shi ya sa yake sa O.K. a takardu yana zaton haka ake taƙaita all correct. Wannan ƙage ne na 'yan adawa a zaɓen 1840, don su muzanta Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa. An taɓa nuna wata takardar kotu ta 1790 daga Tennessee mai ɗauke da sunansa a matsayin hujja, takardar cinikin wani bawa, amma da aka duba da kyau sai aka ga O.R. ne a jiki, alamar an shigar da umarnin kotu cikin rajista.

Batun harshen Choctaw fa?

Wannan ya fi na baya nauyi. Choctaw wata al'umma ce daga cikin 'yan asalin Amurka, kuma a harshensu akwai okeh, wadda ke zuwa a ƙarshen magana da ma'anar "haka ne". Wani farfesa a Alabama ya kawo wannan ra'ayi a 1885, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai. Shugaba Woodrow Wilson, wanda ya yi mulki daga 1913 zuwa 1921, ya yarda da shi har yana rubuta okeh a kan takardun da ya amince da su. Kalmar Choctaw ɗin gaskiya ce, tana nan a harshen. Abin da aka rasa shi ne gadar da ta haɗa ta da 'yan jaridar Boston, waɗanda suka faɗi da alƙalaminsu abin da haruffan suke nufi.

An ce bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai ta Amurka. Ba tamu ba ce ke nan?

Wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Wani masanin harsunan Afirka ɗan Birtaniya, David Dalby, shi ya fito da ra'ayin a wajen 1969. Ya nuna cewa a harshen Wolof na Senegal da Gambiya ana cewa waaw kay, "e mana", a harsunan Mandingo kuma akwai o ke mai kusan wannan ma'ana, kuma daga wannan yanki an kwashi mutane masu ɗimbin yawa zuwa gonakin Amurka. An kuma samu wasu Turawa da suka rubuta maganar bayi, ɗaya a 1784, ɗaya a Jamaika a 1816, da wani abu mai kama da kay ko oh ki a bakinsu.

Akwai abin da ya kamata a yi wa wannan ra'ayi adalci a kansa. Maganar bawa ba ta cika shiga takarda ba. Wanda aka hana shi karatu da rubutu, aka raba shi da sunansa, ba zai bar jaridar da wani farfesa zai zo ya tona bayan shekara ɗari ba. Don haka rashin samun shaida a nan bai kai rashin samunta a labarin biskit ƙarfi ba. Kuma tabbas Turanci ya ci bashin harsunan Afirka: okra, kuɓewa ke nan, daga Ibo aka fi danganta ta, goober, gyaɗa, da gumbo, wata miyar kuɓewa ta kudancin Amurka, daga harsunan Bantu suke, kola kuwa goronmu ne, da sunan da ake kiransa a wajejen Saliyo da Gini.

Duk da haka ba zan ce wa ɗalibi OK tamu ce ba. Waɗancan kay da ki na tsofaffin rubuce-rubucen sun fi kama da furucin mamaki, irin yadda mu muke cewa "kai!", ba amsar yarda ba. Sannan a 1839 kalmar ba ita kaɗai ta ɓullo ba, ta zo ne cikin ayarin O.W. da K.Y. da K.G., duk ƙira ɗaya, gari ɗaya, lokaci ɗaya. Mai yiwuwa ne mutumin da kakanninsa suke cewa waaw kay ya ji sabuwar kalmar ta zauna masa a baki da sauƙi, ya taimaka ta yaɗu. Wannan hankali zai ɗauka. Amma a ce daga can aka haife ta, ina so a ce haka ne, sai dai so ba hujja ba ne. Kuma ba mu rasa abin nunawa na gaskiya ba: a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da Kannywood da buka, wadda bukkarmu ce.

Amma in sauti ya yi kama kuma ma'ana ta yi kama, me ya rage?

Kama da wane ba ta wane. Harsunan duniya sun kai dubu bakwai, sautukan da bakin ɗan Adam yake iya fitarwa kuwa ƙididdigaggu ne, don haka gajeriyar kalma mai gaɓa biyu dole ta yi karo da mai kama da ita a wani wuri. Abin da ake nema shi ne sawu: wa ya faɗa, yaushe, ta wace hanya ta bi daga wannan baki zuwa wancan.

Muna da misali a cikin gida. Shekara da shekaru ana cewa boko daga book ta fito, har a littattafai. Amma duba yadda Hausa take aro: cook ya zama kuku, don haka da book muka ara da buku za mu ce. Sannan boko tsohuwar kalma ce a Hausa mai nufin abin da ba na gaske ba, ga amaryar boko a al'adar biki, ga biri-boko. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anoni, Farfesa Paul Newman kuma ya yi rubutu a kan haka a 2013. Kakanninmu ne suka kalli karatun Nasara suka laƙaba masa sunan da ya nuna yadda suka ɗauke shi. Kamar da ke tsakaninta da book haɗuwar hanya ce kawai.

Haka labarin da ke yawo cewa news taƙaitawar sunayen arewa da gabas da yamma da kudu ce a Turanci. Ba haka ba ne, jam'in new ce, sababbin abubuwa. Galibin labaran "harafin farko" game da tsofaffin kalmomin Turanci ƙirƙira ce ta baya-bayan nan. OK na cikin 'yan ƙalilan da nasu ya tabbata.

Ma'ana nawa take da su?

Sun fi abin da ƙamus zai ƙirga maka, domin rabin ma'anar a murya take. Ta farko ita ce yarda: a ce ka zo gobe da takwas, ka ce OK. Kusa da ita akwai ta "na ji", wadda ba lallai ta zama yarda ba, kamar mai ɗaukar kwatancen gida a waya yana cewa oke, oke, don mai magana ya san ana tare. Tana nufin lafiya, kamar in mutum ya faɗi a kan babur a tambaye shi ko yana OK. Tana zama aiki, a ce shugaba ya yi OK ɗin takarda, wato ya sa hannu, tana kuma zama suna, izinin kansa. Malami yana buɗe darasi da ita, yana sauya batu da ita, mai waya yana sallama da ita. In ta zo a ƙarshen umarni da murya sama, tana daidai da "ka ji ko?" namu.

Wadda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kanta ita ce ta matsakaici. Kalmar da aka haifa da ma'anar "komai daidai" ta sauko har ta zama "ba laifi", ko "da dama-dama". In Bature ya ci girkinki kika tambaye shi yaya, ya ce it was OK, bai yaba ba, ya dai ci. In ka kai wa shugabanka rahoton da ka kwana uku kana rubutawa ya ce it's OK, ya karɓa, amma kada ka tafi gida kana cewa ya ji daɗi. Na ga ɗalibar da ta rubuta wa wanda ya ɗauki nauyin karatunta cewa kyautarsa OK ce, tana nufin ta yi kyau matuƙa. Sai da na zaunar da ita muka sake wasiƙar. A ganina wannan matsakaicin matsayi shi ne sirrin daɗewar kalmar: tana ba ka damar amincewa ba tare da ka yi yabo ba, ka karɓa ba tare da ka nuna zumuɗi ba.

Akwai ma'anar da mu a Nijeriya muka ƙara mata?

Akwai. In ana zuba maka abinci ka ce it's okay, a nan kana nufin "ya isa haka". In rigima ta kaure wani ya ce it's okay, "a bari haka" yake nufi. Tambayar are you okay kuwa, wadda a Ingila kulawa ce, a bakin direban da aka yi wa shigar ba-zata a titin Legas ko Abuja zagi ce, daidai da "kana da hankali kuwa?"

Sai kuma OK ta kasuwa, wadda ba ta da dangantaka da Boston ko kaɗan. A kudu ana kiran gwanjo okrika, da sunan wani gari na bakin ruwa a jihar Ribas, sai masu saye suka taƙaita shi zuwa OK don a sakaya. In ka ji budurwa ta ce rigarta OK ce, ta yiwu dilar gwanjo take nufi, irin wadda ake kwancewa a Ƙofar Wambai.

A Nijar, inda Faransanci ne harshen boko, d'accord ce ta daɗe tana wannan aiki, amma Faransawan kansu sun ari OK, don haka za ka ji duka biyun.

Wanne ne daidai: OK, O.K., okay ko ok?

Ukun farko duk karɓaɓɓu ne. O.K. mai ɗigo ita ce tsohuwar siga, yanzu ta ja baya. Okay daga baya ta zo, an rubuta sunayen haruffan ne yadda ake furta su, don haka masu zaton ita ce cikakkiyar kalmar OK kuma taƙaitawarta sun juya tarihin. Kamfanin dillancin labarai na AP OK yake rubutawa, marubuta labaran ƙirƙira da yawa sun fi son okay. Ƙaramar ok ta hirar waya ce. A takardar neman aiki ko insha'in jarrabawa, shawarata a guje mata baki ɗaya a nemi kalmar da ta faɗi ainihin abin da ake nufi. A rubutun Hausa kuwa oke ta fi dacewa, tunda haka muke furta ta.

Yaya aka yi ta game duniya?

Sojojin Amurka a yaƙin duniya na biyu, da finafinai, da rediyo, sun kai ta nesa. Amma ita ma kalmar ta taimaki kanta. Sautukanta uku, o da k da e, da wuya ka sami harshen da ba shi da su. Dubi wahalar da muka sha kafin bread ya zama burodi, bucket ya zama bokiti, driver ya zama direba. Oke kuwa ta shigo Hausa ba a ƙara mata wasali ko ɗaya ba.

Ta je har duniyar wata. Ranar 20 ga Yuli, 1969, da kumbon Apollo 11 ya sauka, cikin kalmomin farko da Buzz Aldrin ya furta akwai "Okay, engine stop". Sai kuma kwamfuta. Tsofaffin ma'aikatan Apple suna ba da labarin cewa lokacin da suke gwada kwamfutarsu Lisa, wadda ta fito a 1983, Do It aka rubuta a kan maɓallin amincewa, sai wani mai gwaji ya karanta shi dolt, wato dolo, ya ji haushi na'ura tana zaginsa. Aka sauya zuwa OK. Yau ma duk shafin intanet da ya buɗe maka lafiya, a ɓoye na'urar da ke ɗauke da shi ta amsa wa wayarka da "200 OK".

Alamar hannu ta OK fa, ko'ina ake gane ta?

A'a, a yi hattara. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, sauran ukun a tsaye, a Amurka yana nufin komai lafiya, masu nutso a teku ma da shi suke shaida wa juna haka. A Brazil da Turkiyya rashin ɗa'a ne, a Faransa yana iya nufin sifiri, wato banza, a Japan kuma kuɗi. Mu da muka san abin da buɗe wa mutum yatsu biyar yake nufi, alhali a wani wuri gaisuwa ce, bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba.

Mece ce OK a Hausa, kuma ya dace in amsa wa babba da ita?

"To" ce, kuma ta riga OK zuwa nan da nisa. Kusan duk aikin da na lissafa a sama tana yin sa. Akwai "to" gajeriya ta yarda, da "to, to" ta mai sauraro, da "tooo" mai ja ta wanda bai gamsu ba, da "to fa" ta wanda ya ga abin mamaki, da "to shi ke nan" ta rufe magana, da "to madalla" irin ta Hajiyar rumfar POS. Inda "to" ba ta kai ba, ga "ba laifi", ga "ba komai", ga "ya yi". Ban ƙi oke ba, ni ma ina faɗinta tsakanina da abokan aiki. Amma ba ta ɗauke da ladabi a cikinta. "To" tana karɓar rakiya, ka ce "To, Baba", "To, Inna", "To, ranka ya daɗe". Oke ita kaɗai take tsayawa, ƙanwarta K kuwa ta fi ta bushewa.

Lokacin da babban ɗana zai tafi jami'a, baffana, yayan mahaifina, ya aika masa saƙon murya na kusan minti biyar: ya kula da salla, ya san da wa zai yi abota, kada ya ci bashi, ya riƙa kiran mahaifiyarsa. Yaron ya saurara har ƙarshe, na gan shi, amma abin da ya mayar harafi ɗaya ne, K. Bayan magariba sai ga kiran Baffa. Ya ce, "Malam, wai me abokin nawa ya rubuto mini ne? Na ba yara su duba, sun ce harafi ɗaya ne." Na ce, "Baffa, a yi haƙuri, yana nufin ya ji." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, ba shi da bakin da zai ce ya ji?"

Na kira yaron na miƙa masa wayar. Ya durƙusa kamar tsohon yana gabansa, ya ce, "Alhaji, ina wuni. Na ji duk abin da ka faɗa, na gode, Allah ya ƙara girma. In sha Allahu zan kiyaye." Daga inda nake zaune ina jiyo muryar Baffa ta saki. Ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka. In ka zo hutu ka taho mini da goro."